Katantanwar Hawa na Tara

Shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin wanki na asibiti, ban taɓa mayar da zanen gado da tabo a jikinsa ba. Abokan aikina Uwar Sabulu suke ce min, wai tsokana, ni kuwa amsawa nake da ƙarfina. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin hannun da ya yi ɓarnar. Ba hannun ƙazama ba ne, ba kuma na mugunta ba.

Auta, 'yata ta ƙarshe, tana shekarar gamawa a jami'a, tana karatun duwatsu da tarihin ƙasa. Ranar da ta zaɓi karatun na ce mata dutse ai dutse ne, iyakarsa ka yi tuntuɓe da shi, amma yarinyar nan kan ubanta ta ɗauko, in ta kafe sai dai a bar ta. Hutun da ya wuce ta yi mako bakwai a bakin sabuwar hanyar da ake yi a bayan gari, inda injuna suka tsaga wani tudu gida biyu. Babanta, wanda ya ajiye tuƙin tifa shekara uku da suka wuce, shi yake kai ta da safe a tsohuwar motarsa, ya ɗauko ta da yamma buɗu-buɗu da ƙura. Abin da duk wannan wahala ta haifar shi ne katantanwa ɗari da ashirin da suka zama dutse, kowace ba ta fi babban yatsa ba. Ta jera su a kiret ɗin ƙwai guda huɗu, ta tura ƙarƙashin teburinta.

Ta taɓa yi min bayani wata rana ina guga a tsakar gida.

"Mama, wurin nan da muke haƙa, teku ne a da."

"Wane tekun? Mu da ko famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa?"

"Da daɗewa, Mama. Tun ba mutum a duniya." Ta dafa tarin zanen gadon da na ninke. "A cikin waɗannan wanne kika fara gogewa?"

"Na ƙasa mana. Wannan ma tambaya ce?"

"To haka ƙasa take. Laka ta kwanta a ƙasan teku, wata ta zo ta kwanta a kanta, wata a kan waccan, har su daskare su zama dutse. Daga baya ƙasar ta ɗago, tekun ya janye. Na ƙasa shi ne tsoho. A bangon can na ƙirga hawa goma sha biyu, na ciro katantanwa goma daga kowane hawa."

Ta ɗauko guda biyu ta sa min a tafin hannu. Ɗaya bayanta sumul, ɗaya kuma da wasu layuka masu tudu da ta kira haƙarƙari. Ta ce zaton da take yi shi ne na hawan ƙasa sun fi santsi, in ana yin sama haƙarƙarin na ƙaruwa. Wai mai santsi ta fi sauƙin fashewa a bakin ƙaguwa, mai haƙarƙari kuwa takan tsira ta haihu, 'ya'yanta su ɗauko ta, haka-haka har jikokin jikoki su canza kama. Ba wata katantanwa da ta kwanta da santsi ta tashi da haƙarƙari, in ji ta, zuri'ar ce take sauyawa a hankali cikin dubban dubban shekaru.

"Amma zato ne kawai," ta ce. "Sai na auna su tukuna. Ran Laraba ta sama zan kai wa malamina Dokta sakamakon, in ya sa hannu na gama da wannan shekarar."

Na ce ikon Allah, na ci gaba da gugata. Da kunne ɗaya na saurare ta, ɗayan yana kan dutsen guga kar ya ƙona min kaya. Abin da idona ya gani kawai shi ne lakar da ta bari a tafin hannuna.

Ran Alhamis ta tafi makaranta aro abin awo, ta ce sai Asabar da yamma. Juma'a ranar hutuna ce. Na shiga ɗakinta da tsintsiya, na jawo kiret ɗin nan don in share ƙarƙashin tebur, sai ga kyankyaso biyu sun fito a guje. Raina ya ɓaci. Kiret ɗin sun yi laushi, sun yi baƙi, ga busasshiyar laka ta zube ko'ina. Na tsaya ina tunanin 'yata za ta ɗauki wannan ƙazanta ta ajiye a teburin Dokta, ya ɗago kai ya dube ta, ya ce a ransa wannan ba ta da uwa ne? Ina raye ba za a yi haka ba.

Na juye su gaba ɗaya a babban baho. Na jiƙa su, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye sau uku, na shanya a faranti a rana. Wallahi sun yi kyau. Wasu har wani ruwan toka-toka suka fito da shi mai sheƙi. Kiret ɗin kuwa na kai su kwandon shara a bakin ƙofa, na wanke hannuna ina jin daɗin kaina.

Wajen sha biyun rana wayata ta yi ƙara. Auta ce. Har na buɗe baki zan yi mata albishir ta riga ni.

"Mama, na manta ban faɗa miki ba. Don Allah in za ki yi shara kar ki taɓa kiret ɗin nan. Lambar hawan a jikin kiret ɗin na rubuta da fensir, ban sa a jikin katantanwar ba tukuna. In guda ɗaya ta bar raminta, ba wanda zai san daga inda ta fito."

Ina tsaye a tsakar gida, farantin yana gabana, rana tana haska su reras.

"Mama, kina ji na?"

"Ina ji."

"Ba ki taɓa ba dai ko?"

"Me zan yi da duwatsunki?" na ce. Haka bakina ya faɗa, ban aike shi ba.

Da ta kashe wayar na fita ko takalmi babu. Allah ya taimake ni masu kwasar shara ba su zo ba. Na zaro kiret ɗin, na karkaɗe, na duba da kyau. Ga lambobin nan ƙanana a gefen ramukan, ɗaya zuwa goma sha biyu, layi biyu ga kowace lamba. Da safe na gan su, na ɗauka lissafin mai sayar da ƙwai ne. Yanzu ga gidaje ɗari da ashirin, ga masu gida ɗari da ashirin, ban san wa ke da wane ɗaki ba.

A haka maigidana Malam ya dawo ya same ni, zaune a ƙasa, kiret a dama, faranti a hagu. Ya duba nan, ya duba can. Mutumin da ya yi mako bakwai yana kai ta yana ɗauko ta ba sai an yi masa bayani ba.

"Wanke su kika yi?"

"A'a, wanka suka shiga da kansu."

"Garin neman gira," ya ce, bai ƙarasa ba. Ya zauna a kan benci ya cire hularsa. "Kira ta ki faɗa mata."

"In ce me? In ce uwarki ta zubar miki da shekara guda a kwata?"

"Ki ce abin da ya faru."

Na yi masa banza. Domin a lokacin maganarta ta ranar guga ta fara dawo min, wadda na ji da kunne ɗaya. Na ƙasa masu santsi, na sama masu haƙarƙari. To ai ba wani abu ba ne mai wuya. Ni da nake raba kayan ɗakin haihuwa da na ɗakin tiyata da ido kawai, ko alama ba na dubawa? In dai haka tsarin yake, zan mayar da kowace gidanta.

"Ba ni tabaranka," na ce.

"Maman Auta, abin nan da kike shirin yi ya fi na farko muni."

"Ba ni tabarau, Malam, ba wa'azi na tambaye ka ba."

Ya ba ni, ya tashi ya shige ɗaki.

Na wuni a kai har rana ta yi sanyi, na tashi da shi da safiyar Asabar. Da tsinken ashana nake ƙirga haƙarƙarin kowace. Marasa komai na tara su gefe, su ne hawa na ɗaya. Masu ɗan alama suka bi. Haka na yi ta hawa, masu shida, masu takwas, har masu goma sha biyar da na ba hawa na sha biyu. Akwai wata sumul mai ɗan fashi a gefen baki, ita na fara sakawa a ramin farko na hawa na ɗaya, don duk ta fi su santsi. Da na gama na tsaya na duba, jerin ya tafi tiryan-tiryan, ba wadda ta tsallake 'yar'uwarta. Har wani ɗan alfahari na ji, Allah ya yafe min.

Saura abu ɗaya, sun yi tsafta da yawa. Na ɗebo ƙasa daga bayan katanga, na kwaɓa, na shafa wa kowace, na shanya. Ni, Uwar Sabulu, zaune ina shafa wa wankakken abu laka da hannuna. Da wani daga wurin aiki ya leƙo a lokacin da sai ya ce na zare.

Auta ta dawo da yamma da fara'arta. Ta gaishe mu, ta ajiye jaka, ta wuce kai tsaye ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ina bakin ƙofa ina goge kofin da na riga na goge sau biyu.

"Yauwa, suna nan," ta ce.

Ran Lahadi ta fara aikin a teburin falo, don ya fi haske. Ta zo da wani ƙarfen awo mai baki biyu, da ɗan kwalbar farin fenti, da alƙalami mai siririn baki. Sai na ga ta ɗauki katantanwa ɗaya, ta goge ta da buroshi, ta ɗiga fenti, ta rubuta lamba, ta auna, ta mayar, sannan ta ɗauki ta gaba. Ashe da ma wanke su za ta yi. Da na yi haƙurin kwana biyu da ba abin da zai faru, sai dai da-na-sani ƙeya ce.

"Ƙasar nan ba ta yi taurin da na zata ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "A can sai da ƙusa nake ɓanɓare ta. Ga shi tana fita kamar gari."

"Ta bushe ne," na ce da sauri.

"Wataƙila."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi. In ta daɗe tana kallon wata sai in ji gumi yana bin bayana. Na share falon sau biyu, na goge taga, na sake jera kujeru, duk don in kasance kusa. Abinci ma ya kama a tukunya, abin da rabona da yi tun ina amarya. Malam yana zaune da rediyonsa a kunne, ko kallona ba ya yi.

Litinin na je aiki, na zuba kayan masu launi cikin farare. Wata abokiyar aikina ta riƙe min hannu ta ce, "Uwar Sabulu, lafiya kuwa?" Na ce kaina ke ciwo, na nemi izini na dawo gida tun azahar.

Tun daga ƙofa na ji muryarta.

"Mama! Baba! Ku zo ku gani!"

Ta zana awon a wata takarda mai gidaje-gidaje. Ɗigo-ɗigo ne suka tashi daga ƙasan takardar ta hagu suka hau zuwa saman dama, a miƙe, ba wanda ya kauce.

"Kun gani? Daidai abin da na zata! A littattafanmu ma ban taɓa ganin wanda ya fito tsaf haka ba. Yawanci a kowane hawa za ka samu gauraye, masu santsi da masu haƙarƙari, yawansu ne kawai yake canzawa. Amma wannan!" Ta rungume ni, tana tsalle kamar 'yar firamare. "Dokta zai ce in kai shi babban taro. Mama, sunana zai fito a takarda."

Na ce masha Allah. Ta kan kafaɗarta na hango Malam, ya sauke rediyon, ya zuba min ido. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Da na ɗauka abin da nake tsoro shi ne ta gane. Yanzu na ga akwai wanda ya fi shi, wato kar ta gane. Ta ɗauki aikin hannuna ta tsaya gaban manya ta ce haka ƙasa ta faɗa, wani ya je bangon ya duba, a ce 'yata maƙaryaciya ce. Amma duk da haka bakina ya ƙi buɗewa. Kwana biyu ya rage, na ce wa kaina, wataƙila ma daidai na jera su.

Ta koma teburin ta buɗe ɗan littafin da take rubutu a ciki lokacin haƙa, mai baƙin bango da ya sha laka. Tana dubawa tana kwafa, sai na ga ta tsaya. Ta koma shafin baya. Ta jawo kiret na uku ta leƙa, ta jawo na farko.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

"Mene ne?" Babanta ne ya tambaya.

"Na rubuta a nan, hawa na tara, ɗaya sumul ba haƙarƙari, da fashi a gefen baki. Na tuna ranar, Baba, har na ce maka wannan za ta ɓata min lissafi. To ga ta nan a hawa na ɗaya." Ta ɗaga ta. Ita ce wadda na fara sakawa. "Ya aka yi ta zo nan?"

Ta juya ta a hannu, ta sake karanta rubutunta, ta dafe goshi.

"Ko rana ce ta buge ni a ranar? Na san da zazzaɓi na yi aiki a wancan makon." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Dokta kullum yana cewa ina da gaggawa. Ni ce na rubuta ba daidai ba. Ai katantanwar ba ta da ƙafa."

Ta miƙa hannu ta ɗauki robar goge rubutu.

Na ga wannan hannun ya sauka kan shafin. Yarinyar da ta tsaya a rana da zazzaɓi, ta ga abu da idonta, ta rubuta gaskiya duk da ba ta so, yanzu za ta goge ta saboda ni. Ta gwammace ta zargi idonta da hankalinta, don ko a mafarki ba ta kawo uwarta a ranta ba.

"Kar ki goge," na ce.

Ta ɗago.

"Rubutunki daidai ne. Ni ce."

Na faɗa mata duka, a tsaye, ban rage komai ba. Kyankyason, bahon, kwandon shara, wayar da ta yi na ce ban taɓa ba, tabaran babanta, tsinken ashana, ƙasar bayan katanga. Ina magana fuskarta tana canzawa, har na gama ba ta ce uffan ba. Na so ta yi ihu. Na so ta faɗa min baƙar magana in samu abin riƙewa. Sai kawai ta dubi takardar mai ɗigo-ɗigo ta daɗe tana kallo.

"Ai yadda kika faɗa na bi," na ce, don shirun ya ishe ni. "Masu santsi ƙasa, masu haƙarƙari sama. Ba haka kika ce ba?"

"Haka na ce ina zato, Mama." Ta nuna takardar da yatsa. "Tambaya na je yi wa ƙasa. Ke kuma kika ɗauki amsar da nake so kika sa mata a baki. Wannan layin ba tarihin teku ba ne, naki ne."

"To in kika kai shi haka wa zai sani?"

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Tsoro ne, tsoro ba ya da kunya. Ta dube ni, ta dubi takardar, kuma na rantse na ga ta yi tunanin a ranta, ɗan lokaci kaɗan. Sannan ta ninke takardar biyu ta yaga, ta sake haɗawa ta yaga.

"Da laifina," ta ce. "Tun a wurin aka ce mu sa lamba a jikinsu. Na ce sai na zo gida." Ta tashi ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta tura ta.

Ta cikin ƙofar muka ji tana waya da Dokta. Ban ji abin da yake cewa ba, sai nata, "E, Dokta. A'a, Dokta, gaba ɗaya ne." Da ta fito idonta ja, babanta ta yi wa magana, ni kamar ba na wurin. Dokta ya ba ta mako uku. In ta sake haƙowa ta auna kafin nan, shi ke nan. In ba haka ba sai baɗi.

Malam ya yi gyaran murya. "Akwai matsala. Jiya na haɗu da wani tsohon abokin tuƙina. Ya ce sun fara shafe bangon da siminti saboda zaizaya."

Da sassafe ran Talata suka fito da guduma da kurfin fasa dutse da igiyar awo. Na riga su shiga motar, na zauna a baya da sababbin kiret huɗu a cinyata. Auta ta dube ni ba ta ce in fita ba, ba ta kuma ce in zauna ba. Ni dai addu'a nake a raina, ina ƙirga motocin siminti da muke wucewa.

Ban taɓa zuwa wurin ba. Bangon ya kai tsawon mutum biyu, kuma daga nesa na ga layukan da take faɗa, wani fari, wani ja, wani ruwan toka, a kwance kan juna. Amma fiye da rabinsa ya riga ya zama siminti sumul, har da inda ta yi haƙarta ta farko. Ma'aikata na can sun kafa katakai suna ta watsawa. Can ƙarshe ne kawai ya rage, wajen taku arba'in.

Malam ya je ya sami shugaban ma'aikatan, wani mai jar hular kwano, suka yi magana suna nuna bangon. Ya dawo ya ce kwana shida ya rage su iso ƙarshe, kuma mutumin ya ce mu yi abinmu, kar dai mu shiga ƙarƙashin katakai.

"Aikin mako bakwai a kwana shida," Auta ta ce.

"Wancan karon ke kaɗai ce," in ji babanta.

Ta ɗaura igiyar awon a wata ƙusa a sama, ta sako ta ƙasa. Ta miƙo min kwalbar fenti da alƙalami, har yanzu ba ta kalli fuskata ba.

"In na miƙo, ki ɗiga fenti inda ba laka, ki rubuta lambar da na faɗa. Nan take. Ba sai an jima ba."

"To," na ce. Ban taɓa ce wa ɗan da na haifa to da irin wannan muryar ba.

Ma'aikatan sun ara mana tsani. Ta ce daga sama za ta fara, tunda na ƙasa ko da tsanin ya tafi za ta iya kai musu. Babanta ya riƙe tsanin, ta hau. Hawa na sha biyu ya ci mana safiya. Sha ɗaya da goma suka kai mu la'asar, rana ta gasa mu, ƙura ta shiga min har cikin haƙora. Injin siminti yana ta gurnani a gefenmu, kuma duk sanda na waiga sai in ga kamar ya matso. Tana miƙowa ina rubutawa, ina maimaita lambar da baki don kar in yi kuskure. Na lura a hawa ɗaya ma ba duka suke kama ba, wata haƙarƙari sha biyar, ta kusa da ita sha ɗaya. Da ni ce da na raba su ɗaki.

Ta sauko matakala biyu ta fara hawa na tara. Ta ciro ɗaya, ta ciro biyu. A ta uku gudumar ta yi shiru. Na ɗaga kai na ga ta tofa yawu a yatsa ta ɗan murza bayan abin, ta kai shi kusa da ido.

"Baba," ta ce. "Sumul ce."

"Kamar waccan?"

"Kamar waccan. A hawa na tara." Ta yi wata dariya da hawaye a ciki, ta goge hanci da bayan hannu. "Ashe ba rana ce ta buge ni ba."

Ta sunkuyo, a karo na farko tun jiya ta dube ni ido cikin ido, ta sa min ita a tafin hannu da lakarta.

"Tara, Mama."

"Tara," na ce.

Na ɗiga fentin na rubuta. Ina jiran ya sha iska sai na ji babban yatsana ya fara murza lakar da ke gefenta, shi kaɗai, yadda ya saba shekara ashirin da shida. Na danne shi da ɗayan hannun. Na sa ta a raminta da dattinta, na miƙa hannu sama ina jiran ta gaba.